Kai Kana Buga Shi Kuwa?

Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ta taso ne daga majalisarmu ta bayan isha'i, wadda ake yi a gindin dalbejiya kusa da teburin mai shayi. An fara ta kamar wasa, sai ga shi mun kwana uku muna jan ta, har wasu da ba su saba zama da mu ba suka riƙa jawo benci.

Akwai wani saurayi ɗan unguwar nan, ya roƙe mu kada mu kama sunansa. Da safe yana makaranta, da yamma yana zama a shagon cajin waya na yayansa. Wata bakwai ya yi yana haɗa wasan waya a wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya riƙe wuta, sai in an tada janareta. Wasan kuwa na gida ne tsaf. Kai ne mai lodi a kara ranar Laraba, an ba ka tirela da shanu ashirin, ka shigar da su kafin rana ta faɗi, ga kuma wani bijimi mai taurin kai da yake ƙwacewa ya yi cikin jama'a. Da ya gama sai ya tura wa yara a wayoyinsu. Kafin mako ya zagayo, duk lungun da ka leƙa sai ka ji ana "kama shi, kama shi!"

Ran nan ya zo shan shayi, ana ta yaba masa. Sai wani dattijonmu, wanda ya yi shekara talatin yana jan tirelar shanu daga nan Potiskum zuwa Legas, ya dube shi ya ce: "Ɗana, na ga yara sun haukace a kan abin nan naka. To kai kana buga shi kuwa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya yi ɗan murmushi, ya ce: "Wallahi Baba, rabona da in buga shi don jin daɗi tun wata na biyu. Yanzu ko kiɗan farkonsa na ji sai in ji kaina ya sara."

Nan take majalisa ta rabu. Wasu suka ce ai ba abin mamaki ba ne, wanzami ba ya son jarfa, kuma kowa ya san matar da ta wuni a madafi ƙamshi ne ke ƙosar da ita, in an zo cin abinci sai ta ɗan taɓa ta tsame hannu. Wasu suka ce sam, in har mai abu ba ya jin daɗin abinsa, to akwai lauje cikin naɗi: ko dai abin ba shi da kyau, ko kuma ya san wani abu da mu ba mu sani ba. Wani kuma ya ce mu bar zancen, wasan yara ne, me ya kai manya tattaunawa a kansa? Mu dai da muke rubuta wannan muna ganin tambayar Baba ta wuce wasan yara. Tambaya ce a kan duk mai sana'ar hannu da abin da hannunsa ya fitar, kuma a ƙarshenta akwai maganar amana.

Bari mu fara da tambayar kanmu: wai ina daɗin wasa yake? Ku tuna daren farin wata muna yara, ana kacici-kacici. Wanda aka jefa wa tambaya shi ke ta lalube, ya faɗi wannan a ce a'a, ya faɗi wancan a yi masa dariya, har in ya gaji ya ce ya ba da gari. Duk wannan laluben shi ne wasan. Ranar da ka san amsa, wannan kacici-kacicin ya mutu a wurinka har abada, ba za ka sake jin abin da ka ji a daren farko ba. To shi mai jefa tambayar tun farko da amsar a bakinsa ya zo. Ƙofar da kowa ke nema ya shiga, shi ya gina ta, shi ya ɓoye mabuɗin.

Haka abin yake ga saurayinmu. Shi ya rubuta cewa bijimin zai ƙwace bayan saniya ta bakwai, ya yi hagu, ya zagaya bayan rumfar mai nama. Yaron da ke bugawa zuciyarsa na dukan uku-uku don bai san ta ina bijimi zai ɓullo ba. Shi kuwa kafin bijimin ya motsa ya riga ya tsaya a inda zai bi. Sannan ga gwaji. Duk wanda ya taɓa haɗa irin wannan abu ya san ba a rubuta shi a zama ɗaya. Ka gyara ƙafar saniya, ka buga ka gani. Ka gyara ƙofar tirela, ka sake bugawa daga farko. Ya ce mana matakin farko kaɗai ya bi shi fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Ko waƙar da ka fi so a duniya, in aka sa maka ita safe da yamma wata bakwai, sai ka nemi a kashe rediyon.

Akwai kuma abu na uku, wanda ya fi waɗannan nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tambayi telolinmu ranar sallah. Mai riga yana tafe yana taƙama, jama'a na cewa kai wannan ɗinki ya yi, shi kuwa tela idonsa na kan wuyan rigar inda zare ya ɗan kauce da daddare lokacin da wuta ta ɗauke. Ba wanda ya gani sai shi, kuma ba zai iya daina gani ba. Saurayin nan ya ce in ya buɗe wasansa ba ya ganin shanu, jerin kurakurai yake gani: inuwar da ba ta zauna daidai ba, ƙarar da take makara, wurin da ya yi alkawarin gyarawa bai gyara ba. Idon mai gyara da idon mai wasa ba sa buɗewa lokaci guda.

To da maganar ta tsaya nan, da sai mu ce masu cewa wanzami ba ya son jarfa sun yi gaskiya, a tashi. Amma sai wani malamin makaranta da ke cikinmu ya nuna ƙasa da yatsa, inda ramukan dara suke tun da rana, ya ce: "To wanda ya fara haƙa waɗannan fa?"

Ku duba dara da kyau. Gida talatin ne, layi biyar a jere shida-shida. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da dutse. A zuba, sannan a fara turawa gida-gida, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Iyakar dokar ke nan, yaro ma zai haddace ta a yini ɗaya. Babu wani sirri da aka binne a ƙarƙashin rami na goma sha bakwai. Amma dattawan da suka shekara hamsin suna yi har gobe ana ba su mamaki, har gobe dara na cin gida. Wanda ya ƙago ta, ko wane ne shi, bai fi kowa sanin yadda wasan gobe zai kaya ba, domin abin da ya ƙago doka ce, wasan kuma kullum sabo ake haifarsa tsakanin mutum biyu.

Daga nan muka fahimci cewa wasa iri biyu ne. Akwai wasa mai sirri, wanda maƙaginsa ya ɓoye abu ya ce ka nemo, kamar kacici-kacici. Wannan mai shi ba zai taɓa ɗanɗana shi yadda baƙo zai ɗanɗana ba. Akwai kuma wasa mai doka, wanda maƙaginsa ya kafa iyaka ya saki, abin da zai faru a ciki ya fi ƙarfin saninsa. Wannan mai shi zai iya zama a gabansa kamar kowa, har a cinye shi.

Tarihin waɗannan wasanni na zamani ya tabbatar da haka. A shekarar 1984, wani injiniya mai suna Alexey Pajitnov, yana aiki a cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet a Mosko, ya haɗa Tetris a lokacin da ba ya bakin aiki. Shi ne wasan nan na tubala masu faɗowa daga sama da da yawanmu muka buga a 'yan na'urorin hannu masu batir. Siffa bakwai ce kacal a cikinsa, kowace da murabba'i huɗu. Shi da kansa ya sha ba da labari cewa tun wasan bai kammala ba ya kasa daina buga shi, yana fakewa da cewa gwaji yake yi. Dalili kuwa shi ne bai san tubalin da zai faɗo na gaba ba, kamar yadda mu ma ba mu sani ba.

Shekara goma kafin nan, a 1974, wani malamin zanen gine-gine a Budapest ta ƙasar Hungary, Erno Rubik, ya ƙera ɗan akwatin nan mai launi shida da ake murɗawa. Ya murɗa shi 'yan lokuta don ya ga yadda launukan ke cakuɗewa, da ya zo mayar da su sai abu ya gagara. Kusan wata guda ya yi kafin ya warware abin da hannunsa ya ƙera. Haka shi ma Alfred Butts, Ba'amurken da ya ƙago Scrabble a shekarun 1930 lokacin da ya rasa aikinsa. Shi ya zauna ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a jarida don ya san makin da zai ba shi, amma bai ɓoye ba cewa matarsa Nina ta fi shi iya wasan. Ƙarshenta ma a 2015 ɗan Nijeriya ne, Wellington Jighere, ya je birnin Perth na Ostireliya ya zama zakaran duniya a wasan, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Ka ji abin da wasa mai doka ke yi: yana barin gidan ubansa ya je ya yi girma a inda uban bai taɓa zato ba.

Wasu ma da gangan suka nemi maganin wannan matsala tamu. A 1980 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, Michael Toy da Glenn Wichman, sun lura cewa duk wasan labari da suka rubuta ba ya yi musu daɗi, don sun san kowane lungu da kowace amsa. Sai suka haɗa wani wasa mai suna Rogue, suka bar wa kwamfuta aikin zana ɗakuna da hanyoyi da wurin ajiye kaya, ta yadda duk bugu sabon gida za ka tarar. Sun ɗaure wa kansu ido ne don su samu su shiga cikin 'yan wasa. Dabarar nan tasu har yau ana gina wasanni a kanta.

Ke nan amsar farko ga tambayar Baba ita ce: ya danganta da irin abin da ka gina. In ka binne sirri, ka yafe wa kanka daɗinsa. In ka kafa doka mai haihuwa, kana da rabo.

Sai dai ko a wasa mai sirri, ba mu yarda cewa mai shi ya tashi a tutar babu ba. Ku tuna motar kara da motar gwangwani. Mu da muka tashi kafin waya ta zo, kwana nawa muke yi muna neman kara mai kyau bayan girbi, muna yanka taya daga tsohon silifas, muna lanƙwasa waya don sitiyari ya juya? A garin nan da tirela ta zama abin ado, kowane yaro burinsa ya yi mai taya goma sha takwas. Amma ku faɗi gaskiya, in an gama kwana nawa ake jan ta? Biyu ko uku. Daga nan sai ka ga an kwance ta ana neman yin wadda ta fi ta. Ashe ƙirar ita ce wasan, jan motar kuwa shaida ce kawai cewa an ci. Da muka faɗa wa saurayinmu haka sai ya yi dariya, ya ce daren da ya gano abin da ke sa shanunsa ratsa bangon tirela su fita, bayan kwana huɗu yana nema, ihun da ya yi sai da yayansa ya fito da gudu ya zaci gobara ce. Wannan ihun ba yaron da zai yi shi don ya loda shanu ashirin. Shi ma ya buga wasa, nasa daban ne, kuma shi kaɗai aka yi wa shi.

Ga kuma wani daɗin da ba ya samuwa sai ga mai abu. Kakarmu da take mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta san ƙarshenta tun kafin a haifi iyayenmu. Me take nema da take maimaita ta kowane dare? Fuskokinmu take kallo. Tana jiran inda za mu zaro ido, da inda za mu fashe da dariya. Shi ma mai kacici-kacici ladarsa ita ce a ce an ba shi gari, ya ce bai karɓi wannan ba sai an ƙaro masa Kano ko Makka. Mun lura da saurayin nan a shago: in yaro na buga wasansa, shi ba ya kallon waya, fuskar yaron yake kallo. Wanda ya dafa bai ci ba, amma ya ga an suɗe kwano, ba za a ce bai samu komai ba.

Yanzu mu zo inda maganar ta yi nauyi, wato wurin waɗanda suka ce akwai lauje cikin naɗi. Ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Mai abinci iri biyu ce ba ta cin abincinta. Akwai wadda ƙamshi ya ƙosar, amma in 'ya'yanta suka dawo daga makaranta daga tukunyar nan take zuba musu. Akwai kuma wadda ta san irin man da ta soya da shi, ta sayar wa mutane, ta aika a sayo wa 'ya'yanta a wani wuri. Daga nesa duk ɗaya suke, kowace ba ta kai loma baki ba. Amma ta farko gajiya ce ta hana ta, ta biyu kuwa sani ne ya hana ta. Saboda haka tambayar da ta fi ta Baba kaifi ita ce: za ka miƙa wa ƙaninka shi hankalinka kwance?

Wannan ba zargi ne na banza ba a duniyar wasannin waya. Da yawa daga cikinsu an gina su ne a kan lissafin yadda za a riƙe mutum: kyautar da za ta wuce ka in ba ka shiga yau ba, matakin da aka tsananta da gangan don ka saya da kuɗi, tallan da ke cin datarka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasannin nan cikin jerin cututtukan da take lissafawa. Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan lokaci, a shekarar 2010 da iPad ta fito ya shaida wa wani ɗan jaridar New York Times cewa 'ya'yansa ba su yi amfani da ita ba, kuma ana taƙaita musu na'urori a gida. Mu nan ma ba sai mun je Amurka ba. Shagunan cacar ƙwallo da suka cika garuruwanmu, da na cikin waya, wanda ya tsara lissafinsu ya san a ƙarshe gida ne ke ci, shi ya sa ba zai zuba jarinsa a wurin da yaranmu ke zuba kuɗin makaranta ba. Wannan shi ne mai abinci ta biyu.

Akwai kuwa waɗanda suka ji nauyin amanar. Wani saurayi ɗan Biyetnam mai suna Dong Nguyen ya saki wani ɗan wasa mai suna Flappy Bird a 2013. A farkon 2014 ya zama wasan da aka fi saukewa a ƙasashe da dama, har aka ruwaito yana samun kusan dala 50,000 a rana daga talla. A watan Fabrairun 2014 ya cire shi daga kasuwa da hannunsa, ya ce ya yi shi ne don mutum ya huta na 'yan mintuna, amma ya ga ya zama jaraba. Haka kuma Josh Wardle, wanda ya haɗa wasan kalmomi na Wordle don abokiyar zamansa kafin ya sake shi ga jama'a a watan Oktoban 2021: kalma ɗaya tak ya yarda a ba mutum a rana, in ka gama sai gobe. Da ya so, da ya buɗe ƙofa mutane su kwana a kai. Ya gina wa wasansa wurin tsayawa, kamar yadda dara take tashi in an kira sallah.

Amma kada mu yi saurin cewa duk wanda ke buga nasa ya wanku. Wani daga cikinmu ya kawo wannan, kuma gaskiya ya faɗa: ai mai sayar da ƙwaya ma wani lokaci yana sha. Son da mutum ke yi wa abinsa ba ya zama shaidar cewa abin ba ya cutarwa, wataƙila ma shi ne na farko da ya kamu. Haka nan ƙosawar da ya yi ba ta zama shaidar mugunta. Don haka ba a auna amanar mai wasa da yawan bugun da yake yi. Ana auna ta da abin da wasan ke karɓa daga hannun mai bugawa, da abin da yake mayar masa. In ya karɓi rabin awa ya mayar da dariya da kaifin tunani, an yi ciniki. In ya karɓi barci da karatu da kuɗin cefane ya mayar da ƙishirwar ƙari, an yi zamba, ko da mai shi yana kwana a kansa. Mizanin dai shi ne wanda aka koya mana tun muna ƙanana, ka so wa ɗan'uwanka abin da kake so wa kanka. Mun tambayi saurayinmu ko ƙannensa na bugawa. Ya ce ƙanwarsa 'yar shekara tara ita ce ta fi kowa maki a gidansu, kuma ya sa wasan yana tsayawa da kansa in rana ta faɗi a cikinsa, sai mutum ya sake farawa da niyya. Hankalinmu ya kwanta.

Saura namu laifin, mu manya. Sau nawa muka wuce irin waɗannan yara muka ce suna ɓata lokaci a wasan banza? A Legas tun 2012 Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games, suna yin wasanni a kan rayuwar Nijeriya, irin su Okada Ride da Mosquito Smasher. Cikin wasanninsu har da wani mai suna Aboki Run. Ba mu ce sun yi da mugun nufi ba, amma duk wanda ya taɓa kai shanu kudu ya san yadda kalmar nan take sauka a kunne a can. Darasin shi ne, in ba ka zana kanka ba wani zai zana ka yadda ya hango ka daga nesa. Mu da kakanninmu suka zo garin nan fatauci suka zauna tare da Ngizim da Karai-karai da Bolewa da Fulani, mun san darajar mutum ya ba da labarinsa da bakinsa. Ga yaro ya ɗauki kasuwar shanun da ake ji da ita a duk Afirka ta Yamma, wadda da yawanmu daga ita muke ci, ya sa ta a waya da harshenmu, yaran maƙwabta na kowace ƙabila suna bugawa. Wannan bai cancanci a kira shi banza ba.

Kuma ku tuna 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka yanke layukan waya a jihar nan aka yi makonni ba kira ba saƙo, ga dokar hana fita. Me ya riƙe yara a cikin gida, ya rage wa manya zullumi? Dara ce da lido da karta da tatsuniya. A ranakun nan ba wanda ya ce wasa banza ne. Waɗanda suka ƙago su sun mutu ba mu san sunan yawancinsu ba, amma sun yi mana rana.

Abin da irin wannan yaro yake bukata daga gare mu kaɗan ne. Tunda idonsa ya riga ya gaji, mu ara masa namu. Mu karɓi wayar mu buga a gabansa, mu faɗa masa gaskiya: nan ya yi daɗi, nan na gaji, nan ban gane ba. Yabon da ba bugu a cikinsa ba ya ƙara masa komai. Shi kaɗai ne a unguwar nan ba zai iya ganin wasansa da sabon ido ba, sai ta fuskokinmu.

Baba direba kuwa bai bar maganar ta tafi haka ba. A dare na uku ya ce wa yaron: "Ɗana, ni shekara talatin ina lodi, ban taɓa ganin bijimin da ya gaya wa mutum lokacin da zai ƙwace ba. Wani tun a ƙasa, wani sai ya hau ya juyo, wani ma lafiya lau har Legas. Naka da kullum sai bayan saniya ta bakwai, ai wannan ba bijimi ba ne, agogo ne." Aka yi dariya, yaron bai yi ba, ya yi shiru yana kallon ramukan dara.

Bayan mako biyu ya dawo majalisa da sabon zubi. Ya bar wa na'ura ta zaɓi lokacin da bijimi zai ƙwace da inda zai nufa, shi kansa bai sani ba. Muka ce to bismilla, buga mu gani. Ya loda sha ɗaya lafiya, yana cika baki, sai bijimi ya ɓullo ta bayansa ya watsa sauran, rana ta faɗi tirela ba ta cika ba. Ya buga cinya ya ce, "Kai! Bari in sake." Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "A'a, miƙo nan, layi ne."

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya sa abin da hannuwansu za su ƙera ya zama mai amfani gare su da mu baki ɗaya. Wanda yake da ta cewa a kan wannan, majalisa na nan bayan isha'i, shafin nan kuma a buɗe yake. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.